Daƙiƙa Biyar

Malam Tanimu bai iya yafiya ba, shi ma ya san haka. Ya taɓa gwadawa sau ɗaya, ya wuni da ciwon kai. Shekara huɗu yana shari'a da maƙwabcinsa Bawale, wanda ya sare masa bishiyar mangwaro, ba shi da burin da ya wuce ya gan shi durƙushe gaban alƙali.

Sai gwamnati ta fito da doka kan 'yar na'urar da ta dasa wa kowa a ƙarƙashin fatar hannu: idan masu shari'a suka riƙe hannun juna na daƙiƙa biyar, an yi sulhu ke nan. Tun ranar Tanimu ya daina musabaha. Ko liman daga nesa yake ɗaga wa hannu.

Ranar Alhamis ya saka babbar riga ya nufi kotu, yana bitar maganganun da zai gasa wa Bawale.

"Baba, ai an rufe ƙararka," in ji magatakardar kotu, tana duba allo. "Kun sasanta."

"Ni da wa? 'Yata, duba da kyau. Mutumin nan ko a Lahira sai mun tsaya."

"Shekaranjiya, bayan La'asar, a bakin kasuwa. Daƙiƙa tara."

Sai Tanimu ya tuna. Shekaranjiya ne santsi ya kwashe shi ya faɗa kwata, tabarau ya yi nasa wuri. Wani da bai iya ganin fuskarsa ba ya miƙo hannu, shi kuwa ya damƙe da hannu biyu.

Har godiya ya yi masa, sau uku.