Ranar da Ba a Daka

A unguwarmu, ranar da ake tsirar da fatar lantarki ba a daka. Baƙa ce, ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba, a kan gilashi take tsirowa, kuma ita ke riƙe wutar asibitin haihuwa. Ƙasa na ɗan girgiza, sai ƙwayoyinta su karkace, ta lalace.

Ni aka aika karɓar taɓare gida-gida. Gwaggo Tabawa ta riƙe tata gam.

"Kai Ɗanliti, matarka ta haihu, ka hana ni daka mata kunu? Wane irin jego ne wannan?"

"Gwaggo, jaririyar tana cikin kwalba. Tsohuwar fatar ta fara tsagewa."

Ta dube ni, ta miƙo. "Ungo, ja'iri. Ko tari ba zan yi ba."

Unguwa ta yi tsit. Yara kam ba sai an kwaɓe su ba, sun saba tafiya da sanɗa ko ba ranar ba.

Da la'asar Injiniya Hajara ta duba sabuwar fatar a na'ura, ta kira ni na leƙa. Ƙwayoyin sun jeru reras kamar sahun salla.

"Wannan za ta riƙe wuta har 'yarka ta yi wayo," ta ce.

Nan take na durƙusa na yi sujada, a hankali.