Rumfar Cikin Waya

Bayan la'asar Ikilima ta fito ta tarar da Yazid a zauren gidansu na Wurno, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Shekara biyu ke nan tana taya shi noman gonarsa a wani wasan intanet, inda ake sayar da amfanin gona da kuɗi na gaske. Can kaɗai suke zama kusa da juna ba mai tsawata musu. Amma mahaifinta ya ce ba zai ba da 'yarsa ga manomin da ƙasa ba ta san ƙafarsa ba.

"Tun jiya gonarmu ta ƙi buɗuwa," in ji ta. "Mi af faru?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sai da ita, Ikilima. Na kama fadama ta gaske ƙauyen Taloka, na dasa albasa. Gobe Babanki za shi zo shi gani."

Ta san murna ya kamata ta yi, amma sai ta tambaye shi: "Har da rumfar da munka yi bakin ruwa?"

"Har da ita."

Ta karɓi wayarsa, ta shiga wasan, ta leƙa gonar ta bayan shinge kamar baƙuwa. Wanda ya saya bai taɓa komai ba tukuna. Ga rumfar, ga kujeru biyu, tata a karkace wajen tasa yadda ta bar ta.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta dubi taɓon ƙafarsa.

"Can Taloka akwai inuwa?"

"Babu."

"To ka kafa rumfa. Kujerun ka bar min, ni za ni jera su."