Wayar da Ta Yi Shiru a Asata

Mu'minat tana aikin kwamfuta a Fatakwal, mahaifinta Alhaji Gimba yana Asata a Enugu, hawan jini kuma ya sa shi gaba. Tsohon dillalin shanu ne. Kallo ɗaya zai yi wa sa ya gaya maka abin da ke damunsa, amma ƙwayoyin maganinsa sun gagare shi. Tun rasuwar mahaifiyarta, ita ke kiransa safe da yamma ta ce ga wadda zai sha. Ranar da aiki ya riƙe ta ba ta kira ba, ya haɗiye kala biyu a haɗe, jiri ya kwashe shi a ƙofar masallaci.

Abin ya tsorata ta, kuma a gaskiya kiran ya fara gundurar ta. Sai ta zauna ta rubuta ɗan shiri da yaren kwamfuta na Python, wanda zai riƙa yin ƙara idan lokacin magani ya yi, ya nuna hoton ƙwayar da za a sha. A kwamfutarta abin ya yi aiki sumul.

Saura mayar da shi manhajar waya. Ta samo wani shiryayyen tsari a intanet, irin wanda masu sana'ar ke kira tamfilet. Kamar shago ne da aka gama ginawa, kai dai ka zuba kayanka ka buɗe ƙofa. A shafin farko masu tsarin sun yi gargaɗi ɓaro-ɓaro: manhajar da aka haɗa a haka tana tsayawa idan fuskar waya ta daɗe a kashe, sai an yi ƙarin aiki kafin ta iya tashi da kanta.

Mu'minat ta gani. Ta ce a ranta za ta dawo kansa. Ta gwada wayar a hannunta, fuskarta a kunne, ta kuwa yi ƙara. Abokan aikinta suka yaba, kanta ya ɗan kumbura, maganar gyara ta bi iska.

Ƙarshen mako ta je Enugu ta saka wa mahaifinta.

"Baba, daga yau kada ka sha komai sai wayar nan ta yi ƙara. Ko da ka ga kamar lokaci ya wuce, ka jira ta. Ka ji ko?"

"Na ji," in ji shi, yana kallon gefe.

Ita ce 'yarsa ta fari. Ko sunanta ba ya kamawa saboda alkunya, balle ya ɗaga waya ya kai mata kuka. Ta san halinsa sarai, amma ba ta kawo shi cikin lissafi ba.

Ta koma Fatakwal da sanyin zuciya. Kiran safe da yamma ya koma na ranar Juma'a, shi ma a gurguje.

"Baba, ya jikin?"

"Alhamdu lillahi."

"Wayar tana aiki?"

Ya ɗan yi shiru. "Tana nan."

Ba ta saurari shirun ba, don ana jiran ta a ofis.

Wata ranar Laraba da hantsi, kiran Malam Kallamu ya shigo. Mahauci ne, aminin mahaifinta tun suna samari a unguwar Coal Camp. Bai tsaya gaisuwa ba, abin da bai taɓa yi ba.

"'Yata, ki kamo hanya yanzu. Alhaji ya faɗi wajen alwala. Muna asibiti."

Daga Fatakwal zuwa Enugu, duk shingen da motar ta tsaya sai ta ji kamar ta sauka ta ruga a ƙafa. Ta kira Kallamu har ya daina ɗauka. Daga tasha ta hau okada, ko ciniki ba ta yi ba.

Ta same shi kwance, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Wata nas ta miƙo mata ledar maganin da aka zo da ita daga gida, ta tambaya da Turancin buroka ko ita ce 'yar, ta ce bai ko taɓa maganin ba.

"Na you be di pikin? See am, e never touch dis medicine at all."

Kwalayen cike suke, kusan yadda ta bar su. Ta juya wajen Kallamu.

"Kawu, me ya hana shi sha?"

"Ya ce ke kika hana, sai waya ta yi ƙara. Ranar farko ta yi, daga nan shiru. Kullum tana gefen tabarmarsa yana jira. Na ce ya kira ki, ya ce ba zai sa yarinya ta ji aikinta bai yi ba."

Ta ɗauki wayar ta buɗe manhajar. Sai a lokacin manhajar ta farka ta hau ƙara a tsakiyar ɗakin marasa lafiya. Mu'minat ta kashe ta, ta durƙusa bakin gadon tana kuka. Baƙin cikin da ya fi cin ta shi ne, gyaran da ta tsallake bai fi aikin yini ɗaya ba.

Likita bai ɓoye mata komai ba. Ya ce ran ya tsira, amma ɓarin jiki ya shanye, kuma da wuya maganarsa ta dawo. Alhaji Gimba, wanda ake jiyo muryarsa daga ƙarshen kasuwar shanu idan yana ciniki, yanzu da ido yake neman ruwa.

Ya mai karatu, idan ka haɗa abin da lafiyar wani za ta rataya a kansa, ka karanta gargaɗin da aka rubuta, ka gwada shi yadda mai shi zai yi amfani da shi kafin ka miƙa. Kuma kada ka bar wa waya kula da iyayenka, domin ita ba ta sanin lokacin da tsoho ya yi shiru don kara.