Bututun Malam Enoch

Malam Enoch ya dangwala auduga a ruwan sifirit, ya goge gilashin, ya ɗaga audugar kusa da fitila. Ta yi baƙi ƙirin.

"Kun ga dattin da nake gaya muku? Na gaba!"

Na gaban ya matso yana ƙifce-ƙifce, ya kanga ido, ya ce, "Kai! Ashe wata duk ramuka ne!"

Madubin hangen nesa ne, wata Baturiyar mishan ta bar masa da za ta koma ƙasarsu. Tun da ya ajiye alli ya yi ritaya, Malam Enoch ba shi da abin so kamarsa. Duk Asabar da magariba yakan kafa shi a tsakar gidansa a Malumfashi, manoma da 'yan tireda da matan unguwa su yi layi su ga wata. Bututun Malam suke ce masa. Ba ya karɓar komai, wannan "Kai!" ɗin ita ce ladansa.

Sai Apolo ya dawo gari, ciwon idon nan da za ka kwanta lafiya, ka tashi ido jajur, kwantsa ta manne shi. Da ma can mutane na cewa a wata Turawa suka kwaso shi. To, ga mutum ya jawo watan har tsakar gida.

Fidelis duba-gari ya zo da kakinsa mai guga. Tsohon ɗalibin Malam ne, saboda haka sai da ya cire hula kafin ya yi magana.

"Malam, ina jin nauyinka. Amma idon unguwa guda a gilashi ɗaya? In na ga daga nan ciwon ke fita, sai dai bututu ya kwana a ofis."

Hankalin Malam Enoch ya tashi, domin ya san abin da ya kwana a ofishin nan ba ya cika ganin safiya. Ya kafa dokoki kamar ya koma aji. Ba gaisawa da hannu, mai jan ido ya tsaya gida, kujeru a ware su. Gilashi kuwa sai an goge bayan kowane ido. Ya ɗora da wa'azi a kan masu ɗiga wa ido ruwan sukari da nonon uwa, ya ce maganin gargajiya ba ya tsallake ƙofarsa.

Wanke hannu ya danƙa wa matarsa Rahab. Ta zauna a zaure da buta da sabulu, ana shigo mata ɗaya-ɗaya. Ita dai ba ta taɓa leƙa bututun ba, ta ce daga madafa ma tana ganin wata ba layi. Amma ta san in aka raba mijinta da shi, an raba shi da tuwo.

Layin zaure ya riƙa tafiyar hawainiya. Malam ya ji daɗi, ya ce Rahab ta fi ma'aikatan asibiti. Wasu ma kafin su iso bututu idonsu ya kawo ruwa, shi kuwa ya ce ɗokin ganin ikon Allah ne.

Talata, Ɗanasabe mai injin niƙa ya fito da baƙin tabarau. Laraba, Kudirat mai tireda ta rufe shago. Ranar Lahadi rabin mawaƙan coci ba sa ganin littafin waƙa. Abin haushi, duk mutanen bututu ne. Maƙwabtan da suka rantse ba za su kalli wata ba suna yawo da idanu fari fat, suna yi masa sannu mai ƙaiƙayi.

Malam ya ninka sifirit har tsakar gidan ya koma warin ɗakin allura. Audugar dai ba ta fasa baƙi ba.

Asabar ta gaba Fidelis ya ɓullo ta ƙofar baya, don kada a shirya masa. Ya tsaya kusa da bututu yana harɗe da hannu, ya duba audugar, ya sunsuna kwalbar, bai sami abin kamawa ba. Daga bisani ya ce aiki ya wajabta ya leƙa da kansa. Aikin ya yi tsawo, sai da na bayansa suka fara tsaki.

Mako ya zagayo, idon Fidelis garau. Amma duk wanda ya bi layi a daren nan ya kamu, har da limamin unguwa. Fidelis ya rasa gane kan abin, sai dai ya riga ya yi magana a gaban jama'a. Da hantsi ya zo da amalanke. Malam Enoch da kansa ya naɗe bututun a bargo, ya ce a bi da shi a hankali a kan ramuka.

Ya daɗe zaune a inda ƙafafun bututun suka bar shaida a ƙasa. Baƙin ciki ya cika shi, ya cire tabarau yana share ido da bayan hannu.

Rahab ta ji tausayinsa har ranta. Ta shiga ɗaki ta fito, ta durƙusa a gabansa, ta dafa masa goshi.

"Ka yi haƙuri, Baban Susana. Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina, na ɓoye maka ne don na san halinka." Ta zaro tsinke daga tandun kakarta. "Buɗe idon in sa maka. Ba wanda ya wuce zauren nan ban rangaɗa masa kwallin rigakafi da tsinken nan ba, kai da duba-gari kaɗai kuka rage."