Wurin da Gregory Ya Keɓe

Gregory ya kafa turke na ƙarshe, ya buga shi da guduma har ya nutse rabi a ƙasa, sannan ya tsaya ya kasa kunne. Daga nan ba a jin kukan jirgin ƙasan Kafanchan, ba a jin motocin hanyar Godogodo. Ko ƙarar ruwan da ke zubowa daga kan dutse, sai mutum ya natsu yake jin ta. Ya tabbata ya sami abin da ya zo nema.

Gandun dajin gwamnati ne, kuma kowace Ista yakan cika maƙil da jama'a. Ma'aikatan reluwe da 'yan makarantun mishan sukan kafa tantuna a bakin ruwan, su wuni suna kiɗa da waƙa. Gregory ya bar musu can, ya haura bayan tudu, inda ba wanda ke son sauka saboda nisan ruwa. Lawal mai tsaron gandun ya yarda ya keɓe masa wurin. Ya ce muddin turakun suna tsaye da jan ƙyalle a kansu, ba zai bar kowa ya sauka ba. Yana maganar yana ɗan ja da baya, sai Gregory ya gane cewa labarin gidansu ya riga ya bazu.

Saboda ƙanensa Nicholas yake wannan wahala. Tare suka tafi yaƙin basasa, tare suka dawo a shekarar 1970, amma ba su dawo da lafiya iri ɗaya ba. A watan da ya wuce, ran kasuwa, tayar wata babbar mota ta fashe a bayan gidansu. Gregory bai san yadda abin ya fara ba. Abin da idonsa ya gani shi ne matarsa Lai'atu kwance a ƙasa, hannunta ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, Nicholas kuwa yana tsaye a kanta riƙe da taɓarya, yana haki, jini na zuba daga goshinsa.

Lai'atu ce ta roƙa kada a kira 'yan sanda. Dattawan majami'a suka zauna suka yanke shawara. Akwai wani tsoho a Godogodo da ke yi wa tsofaffin sojoji maganin irin wannan ciwo, amma yana buƙatar wuri mai shiru na makonni, kuma tilas a ɗaure majinyacin da farko. Kowa ya san idan aka sake zubar da jini, kurkuku ne da sarƙa. Lai'atu ta gaya wa mijinta, kanta a sunkuye, cewa ba wanda ya fi shi sanin abin da ke tayar da hankalin soja, don haka shi ya kamata ya zaɓi wurin.

Bai yi wa aikin wasa ba. Ya kwashe duk dutsen da hannu zai iya ɗauka ya watsar a kwari. Ya gwada ƙarfin itacen ɗorawar da ke tsakiyar filin. Igiyar ma da kansa ya sayo ta, ya ba Lawal ya ajiye.

Ran Asabar ta jajibirin Ista ya riga kowa zuwa da tanti, sauran za su biyo baya da Nicholas. Da ya hau tudun sai ya tarar da samari biyu a filinsa. Sun tumɓuke turke guda sun kunna rediyo, ɗayansu yana da bindigar toka a kan cinya. Gregory ya gaishe su, ya roƙe su cikin ladabi su tashi, ya ce ana kawo marar lafiya.

"Baba soja, dajin nan gadonka ne?" in ji mai rediyon, yana dariya.

Bai rufe baki ba wata zabuwa ta tashi daga cikin ciyawa. Mai bindigar ya ɗaga ya harba.

Ƙarar ta cika tudun. Lokacin da idon Gregory ya washe, hayaƙin ya baje, rediyon ya zama tarkace. Mai bindigar yana kwance, muƙamuƙinsa ya goce gefe, yana tofar da haƙora cikin jini. Abokinsa yana gangarawa da gudu, yana riƙe da kafaɗar da ta sauka daga mazauninta. A tsakiyar filin ga Nicholas tsaye da gudumar a hannu, leɓensa a fashe. Bayansa kuma ga Lai'atu, da Lawal, da tsohon mai magani, da dattawa biyu.

Gaban Gregory ya faɗi. Abin da ya yi ta gudu ya auku.

"Lawal, kawo igiyar!"

Ya yi tsalle ya rungumi ƙanensa, suka zube tare. Nan take mazan suka rufu a kansu. Wani ya danna masa gwiwa a gadon baya, wani ya murɗe masa hannu har ƙashi ya yi ƙara. Ya ciji wuyan hannun Lawal, ya shuri dattijo guda a ciki, yana ihu cewa sun yi kuskure, ba shi ba ne, ga wanda za su kama can. Ba wanda ya saurare shi. Suka ja shi a ƙasa har gindin ɗorawar, suka naɗe shi da igiyar tun daga ƙirji har gwiwa.

Nicholas ya yar da gudumar, ya durƙusa a gabansa yana kuka, yana cewa, "Yaya, ka gafarta mana."

Gregory ya dubi matarsa, yana jiran ta faɗa musu gaskiya. Lai'atu ta matso, hannunta na rataye a ƙyalle, ta tsaya inda ƙafarsa ba za ta kai ta ba.

"Maigida, ka yi haƙuri," ta ce. "Ran nan ma, ƙwace taɓaryar Nicholas ya yi daga hannunka."