Falken Gishiri da Labarin Mashigi

Kai da ka ce mutum biyar sun faɗa maka magana ɗaya, don haka ta tabbata, zauna in ba ka misali.

Wani falke ne ya koro jakunansa ɗauke da gishiri, ya sauka da hantsi a wani gari kusa da gulbi. Kasuwar da ya nufa tana ƙetare, washegari take ci. Ko dai ya bi mashigi jakuna su taka ruwa su haye, ko ya yi dogon zagaye zuwa wurin masu fito, ya tarar kasuwa ta fara watsewa. Gishiri kuwa ba ya ga maciji da ruwa, kuma kayan nan su ne iyakar abin da ya mallaka. Suna gaisawa da mai masaukinsa, sai falken ya ce shi dai bara war haka da ya wuce, ruwan mashigi ko gwiwa bai kai ba. Ya sha fura, ya miƙe a inuwa, barci ya kwashe shi. Da la'asar ya shiga gari tambaya, don shi a ganinsa mai hankali ne, ba ya aiki da bakin mutum ɗaya. Wanzami ya ce ruwa ya janye, ko gwiwa bai kai ba. Mahauci ma haka ya ce. Mai saƙar tabarma a ƙofar masallaci har da dafa gwiwarsa don ya nuna masa. Falke ya ji daɗi ƙwarai. Bai tambayi ko ɗayansu yaushe rabonsa da bakin gulbi ba, bai kuma dubi ƙafafunsu ba, da ya gan su a bushe furu-furu.

Da sassafe ya kora jakuna cikin ruwa. Ashe an tafka ruwan sama can gabas, gulbi ya kawo. Kafin su kai tsakiya ruwa ya kamo wuyan jakuna. Da ƙyar ya jawo su baya. Dabbobi sun tsira, amma gishiri ya bi ruwa. Ya koma gari jiƙe sharkaf, ransa a ɓace, ya tsare wanzami ya faɗi wanda ya ba shi labari. Wanzami ya ce a bakin mahauci ya ji, yana yi masa aski. Mahauci ya ce mai tabarma ne. Mai tabarma ya ce ai mai masaukin baƙi ne ya faɗa bayan sallar azahar. Mai masauki ya dube shi cikin mamaki, ya ce, “Haba baƙona, ai daga bakinka na ji jiya. Na ce wa ya kai falke sanin hanya?” Kunyar da falke ya ji ta fi asarar ciwo. Maganarsa ce ta zaga gari, ta yar da “bara” a hanya, ta dawo masa ta baki uku, ya karɓe ta hannu bibbiyu kamar baƙuwa. Gulbin kuwa yana nan bayan gari, da ya taka da la'asar da ya dawo kafin magariba.

To, koma wurin mutanenka biyar, ka tambayi kowa inda ya samo, ka bi sawun har ka iske wanda ƙafarsa ta jiƙe. Gani ya kori ji.