Igiyar Shebanti

"Wayyo yatsana!"

Ƙaguwa ta cafke wani mai farin tabarau, kasuwar kifin Mumbai ta ɗauki shewa. Shi ya dage sai an kwance jiƙaƙƙiyar igiyar da aka ɗaure ƙaguwar da ita kafin a auna.

Shebanti mai ƙaguwa ta taɓe baki. "Su yallaɓai masana! Kai da a faranti kawai ka san ƙaguwa? Kai wa matarka yatsan ta haɗa a miya."

Jini na ɗiga, ya ɗora igiyar ita kaɗai a sikelinta. Rubu'in kilo cif.

Shewa ta mutu. Masu saye suka shiga leƙa kwandunansu.

Wata 'yar sanda mai kaki ta kutso taron, ta sara wa mai tabarau. "Sannu, Sufeto. Ke Inna, ɗauko sikelin ki biyo ni."